Nawa za a biya ni? Yadda kotu ke yanka wa kayan sata da ɓarna kuɗi

Duk ranar da aka yanke wa wani babba hukunci kan dukiyar gwamnati, magana ɗaya ce ke yawo a majalisun unguwa da Facebook: ya aka yi ɓarawon akuya ke ruɓewa a gidan yari, wanda ya kwashi biliyoyi kuma ya zaro tara daga aljihu ya koma gida? Akwai kuma wata tambayar da ba a cika jin ta ba sai a bakin wanda abin ya faɗa wa. An sace maka babur, an kama ɓarawon bayan wata biyu, babur kuwa tuni an kwance shi an sayar gunduwa-gunduwa. Alƙali ya ce a biya ka. To nawa? Abin da ka saye shi shekara uku da suka wuce? Kuɗin sabo a shago yau? Ko abin da dillali zai taya shi a ranar da aka ɗauke shi, da tsohuwar tayarsa da fasasshiyar fitilarsa? Wa ma ke da hurumin faɗa?

Tambayoyin biyu jijiyarsu ɗaya. Dukansu sun rataya ne a kan yadda kotu ke gane darajar abu, da aikin da take yi da adadin bayan ta gane shi.

## Kuɗin da alƙali ke ambata ba iri ɗaya ba ne

Ruɗanin daga kalmomi yake farawa, domin a bakin jama'a duk kuɗin da aka ambata a kotu “tara” ne. Tara horo ce, asusun gwamnati take shiga, wanda aka yi wa sata ba ya ganin ko kwabo a ciki sai in kotu ta ce a cire masa wani abu. Diyya ita ce ta wanda aka cuta, don a cike masa giɓin da aka yi masa. Idan kayan suna nan da ransu, sai a ba da umarnin mayar da su ga mai su. Akwai kuma ƙwace kadara, wato gidaje da filaye da kuɗin banki da aka tabbatar da haram aka tara su. Waɗannan galibi hannun gwamnati suke komawa.

Ita kuwa ƙima, wato darajar kayan a kuɗi, abu ce da ake kafawa da shaida, kamar dai yadda ake kafa cewa wane ne ya haura katanga. Adadin da mai ƙorafi ya faɗa a ofishin 'yan sanda, zuciya na tafasa, shi ne ake rubutawa a takardar rahoton farko, shi ne kuma 'yan jarida ke ɗauka. Amma a idon doka wannan iƙirari ne kawai har sai an tabbatar da shi ko wanda ake tuhuma ya amsa.

## Inda darajar kaya ke sauya girman laifi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kowace doka tana ƙara shekarun ɗauri gwargwadon yawan abin da aka sata. A kundin dokokin laifuka na Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960 kuma har yau Abuja ke amfani da shi, ba haka tsarin yake ba. Sashe na 287 ya ce sata hukuncinta ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tara, ko duka biyu, bai ce uffan ba a kan ko kaza ce ko mota. Abin da ke ɗaga laifin shi ne inda aka yi shi da wanda ya yi shi: sata a cikin gida ko wurin ajiyar kaya shekara 7 ce, haka ma yaron gida ko akawu da ya saci kayan ubangidansa. Darajar kayan tana shigowa ne daga baya, lokacin da alƙali ke auna inda zai tsaya tsakanin gargaɗi da shekara biyar. (Wasu jihohi, irin su Kaduna a 2017, sun sake rubuta kundinsu, lambobin sassan sun sauya.)

Tsohon kundin Kiriminal Kod na Kudu shi ne ya rubuta adadi ƙuru-ƙuru: sata shekara 3 ce, amma idan kayan sun kai naira dubu ɗaya, sai ta koma shekara 7. Wannan adadi tun zamanin da naira ta fi dalar Amurka ƙarfi yake nan, lokacin da naira dubu dukiya ce ta a zo a gani. Yau kuɗin katin waya ne. Ke nan in aka bi baƙin rubutu, kusan babu ƙaramin ɓarawo kuma. Wannan ita ce illar rubuta naira a cikin doka: takarda tana nan yadda take, kuɗin ne ke narkewa a ƙarƙashinta.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci ke bi a jihohin da suka ɗabbaƙa ta tun daga Zamfara a shekarar 2000, ya bi ta wata hanya. Haddin sata ba ya hawa kan mutum sai abin da ya ɗauka ya kai nisabi: rubu'in dinari na zinare, ko dirhami 3 na azurfa, ko kayan da darajarsu ta kai dirhami ukun a ranar da aka sace su. Kuma sai ya fitar da su daga hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba adana irinsu. Abin da ya gaza haka ta'aziri ne, alƙali ya yi horo da abin da ya ga ya dace. Dinari giram 4.25 ne, rubu'insa ya ɗan ɗara giram ɗaya, shi ya sa masu lissafin nisabin zakka ke fitar da sabon adadin “sadaki da haddin sata” a kai a kai, yana hawa da sauka tare da farashin zinare.

Ko a nan ma akwai ƙulli. A zamanin farko dinari ɗaya dirhami 12 ne, don haka rubu'in dinari da dirhami uku abu ɗaya ne. Yanzu zinare ya yi wa azurfa fintinkau, ya ninka ta sau gommai. Wayar da ta haura dirhami uku nesa tana iya kasa kai rubu'in dinari. Da wanne za a auna? A shari'ar da hannun mutum ke kan layi, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, kuma shi ya sa malamai suka ce ba kowa ke ƙiyasta kayan ba, sai adalai waɗanda suka san kasuwar abin.

## Shari'ar kuɗin fanshon 'yan sanda

Babu shari'ar da ta fito da wannan batu fili kamar ta John Yusuf, tsohon jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda. A watan Janairun 2013 ya amsa tuhume-tuhume uku na karkatar da biliyoyin naira a gaban Mai Shari'a Abubakar Talba na babbar kotun Abuja. Aka yanke masa ɗaurin shekara biyu a kan kowace tuhuma, da zaɓin tarar naira 250,000 kowacce. Jimilla 750,000. Ya biya, ya tafi gida. An dai ƙwace masa gidaje 32 da kimanin naira miliyan 325, amma wannan bai kwantar da hankalin kowa ba.

Abin da mutane ba su lura da shi ba a lokacin shi ne sashen da aka gurfanar da shi a kai. Sashe na 309 na Final Kod, mai magana kan cin dukiyar wani ta hanyar rashin gaskiya, iyakarsa shekara biyu ce, ko naira ɗari ce ko biliyan ɗari. Tsarin mulki kuma ya hana alƙali ya ɗora wa mutum horon da ya wuce abin da doka ta rubuta. Rabin laifin ke nan yana wuyan wanda ya zaɓi sashen. Amma ɗaya rabin na alƙali ne, domin sashen bai ƙayyade tara ba, kuma kundin ya ce inda ba a faɗi adadi ba, tara ba ta da iyaka matuƙar ba ta wuce hurumin kotun ba kuma ba ta zama zalunci ba. Majalisar kula da alƙalai ta ƙasa ta dakatar da Talba na wata 12 a shekarar.

Hukumar EFCC ta ɗaukaka ƙara. A watan Maris na 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara 6, da biyan naira biliyan 22.9, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da haka a watan Afrilun 2022. Sashen doka ɗaya ne, laifi ɗaya ne. Bambancin shi ne kotun sama ta sa girman kuɗin a sikeli. Sai dai a lura da wani abu: a 2013 dala tana wajen naira 160, a 2022 ta haura 400 a farashin gwamnati. Ko da an biya kuɗin cif, ba abin da aka ɗauka ba ne ya dawo.

## Yadda ake kafa ƙima a gaban alƙali

Mu sauko ƙasa, inda yawancinmu za mu fi samun kanmu. Shiga kotun majistare da safiyar Litinin. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya karanta cewa wane ya saci waya mai darajar naira kaza. Aka tambayi wanda ake tuhuma ko ya fahimta. Sau da yawa amsar takan zo kamar haka: “Ranka ya daɗe, na ɗauka, amma wallahi ba ta kai haka ba, gilashinta ma a fashe yake.” Ya amsa laifi, bai amsa adadi ba. Idan alƙali mai natsuwa ne, a nan zai juya wajen mai wayar ya tambaye shi rasidi.

Rasidi shi ne sarkin shaida a wannan fage, sai kwalin waya mai lambarta, sai saƙon banki na ranar da aka tura kuɗi, sai takardun babur ko mota. Amma rasidi abin da ka biya kawai yake faɗa, ba abin da kayan suka kai ranar da aka sace su ba. Abin da kotu ke nema shi ne farashin kasuwa, wato abin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita a kai ba tare da an matsa wa ɗayansu ba. Wayar da ta shekara biyu a aljihu ba sabuwa ba ce, duk yadda mai ita ke lallaɓa ta. Son da kake yi wa abu ma ba ya shiga lissafi. Zoben da kika gada wajen kakarki, maƙerin zinare zai ɗora shi a sikeli ne ya faɗi giram da karat, shi ke nan.

Inda babu rasidi, kuma yawancin cinikinmu babu shi, sai a nemi masana. Dokar shaida ta 2011 ta yarda kotu ta saurari ra'ayin gwani, kuma gwani ba lalle sai mai digiri ba. Dillalin da ya shekara ashirin a kasuwar shanu ta Wudil ko Maigatari ya fi kowane lauya sanin tazarar da ke tsakanin karsana da saniya mai ciki. Makaniki ya san kuɗin inji. Gida ko fili kuwa, aikin ƙwararrun masu ƙiyasta kadara ne masu rajista, su ne rahotonsu ke da nauyi. Kuɗin da aka wawure ta banki, masu binciken asusu ne ke bin sawunsu, kuma takardun da aka ciro daga kwamfuta sai sun cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaidar kafin a karɓe su. Shari'o'in zamba da dama a kan wannan sashe suke tuntuɓe.

Duk wanda ya ba da ƙiyasi, lauyan ɗaya ɓangaren yana da damar ya titsiye shi da tambayoyi. Ka ga san da idonka? Yaushe? Kai ne dillalin mai ƙara? La'ada nawa kake ci a wajensa? Idan adadin yana cikin ginshiƙan laifin, kamar nisabi, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba. Shi ya sa ƙara gishiri ke cutar da mai shi. Wanda ya ce akuyarsa ta kai kuɗin bijimi, sai aka gano ƙarya ce, ya zubar da sauran maganarsa ma.

## Farashin wace rana?

A ganina nan ne talaka ya fi yin asara, kuma nan ne aka fi yin shiru.

A ce an fasa rumbu da kaka an kwashe buhun masara goma, lokacin da hatsi ya yi arha a Dawanau. Shari'a ta yi ta jan ƙafa, ɗage yau ɗage gobe, sai tsakiyar damina aka yanke hukunci, lokacin da tiya ta yi tashin gwauron zabo. Idan aka biya manomi kuɗin ranar sata, buhu shida zai iya saya ko bakwai. Haka ragon da aka sace ana saura kwana uku babbar salla, da wanda aka sace mako guda bayanta: rago ɗaya, kuɗi biyu.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce darajar abu a lokaci da wurin da aka yi laifin. Tana da hujja, domin laifin mutum ana auna shi ne da abin da ya ɗauka ranar da ya ɗauka. A ƙasar da farashi ke zaune babu wanda zai damu. Amma a nan, dalar da ke wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar. Wanda aka sace wa babur a farkon 2023, aka ba shi kuɗin wancan lokaci bayan shekara biyu, ba zai hau babur da su ba.

Malaman fiƙihu sun raba dukiya gida biyu. Abin da ake aunawa da mudu ko sikeli, irin su hatsi da gishiri da mai, irinsa ake biya: buhu goma, buhu goma, komai tsadar kasuwa. Abin da kowanne ke da kamanninsa, kamar dabba ko tufafin da aka ɗinka, shi ne ake biyan ƙimarsa. Wannan rabo kaɗai ya raba manomin can da asara, domin masara zai karɓa, ba takardar naira ba. Dokar zamba ta 2006 ma ta ɗan kama hanyar: a mayar da kayan, sai in mayarwar ba za ta yiwu ba a biya kwatankwacin darajarsu. Ita kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ake kira ACJA, ta ba kotu ikon ba da diyyar da ta dace da asarar ko da ta wuce hurumin kuɗin kotun, kuma ta yarda a kira ƙarin shaida musamman don tantance adadin. Jihohi sun yi irin tata, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Ƙofar a buɗe take ke nan, amma sai mai ƙorafi ya sa mai gabatar da ƙara ya roƙa, ya kuma kawo farashin yau da hujjarsa. Alƙali ba ya zuwa kasuwa da kansa.

## Gonar da shanu suka ci, da haƙorin da aka cire

Ɓarna ta fi sata wuyar lissafi, domin sau da yawa abin da aka lalata bai gama zama dukiya ba. Shanu sun faɗa gonar gero yana bunni. Kafin a kai ga kotu, akan tara mai unguwa da arɗo da malamin gona a zagaya: kunya nawa aka ci, wanne zai farfaɗo, dami nawa gonar ta saba bayarwa. Manomi yana lissafin damin da zai ɗaure da kaka, makiyayi yana cewa wa ya san ko ruwa zai ɗauke. Malikiyya sun ce a ƙiyasta irin wannan shuka “tsakanin fata da tsoro”, wato abin da mai hankali zai saye ta a yadda take, yana sane tana iya yi, tana iya ƙi. Sun kuma bambanta dare da rana: tsare dabba da dare nauyin mai ita ne, tsare gona da rana nauyin mai gona, sai dai in makiyayin yana tare da dabbobin ya yi sakaci.

Mota ko shagon da aka farfasa, kuɗin gyara ake dubawa, in kuma gyaran ya fi ƙarfin abin, sai darajarsa kafin ɓarnar. Abin da ya fi wuyar samu shi ne ribar da ta wuce mutum. Mai adaidaita sahu da aka farfasa wa keke zai ce kwana arba'in bai fita ba, ga balas yana taruwa. Gaskiyarsa ce, amma irin wannan asara kotu na son a tabbatar da ita dalla-dalla, kuma sau da yawa sai a ce ya je ya shigar da ƙarar madaniyya, wato ta neman haƙƙi, ba ta laifi ba.

Rauni a jiki kuwa, kotun majistare takardar likita da rasidin magani take bi. A shari'ar Musulunci akwai ma'auni tsayayye: diyyar rai raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Dinari dubu kilo 4.25 ne na zinare. Ido ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Kuma ba a yanke kuɗin rauni sai ya warke, don a ga abin da ya bari.

## Masu cewa a rage, da masu cewa a ƙara

Wasu lauyoyi suna ganin kotun laifi ba wurin karɓar bashi ba ce. Suna da hujja, domin kowa ya san yadda ake mayar da rikicin ciniki “cin amana” a kai wa 'yan sanda, a kumbura adadi, a tsare mutum har danginsa su haɗa kuɗi, alhali ACJA ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa mai sayar da ƙosai da aka sace wa injin niƙa ba ta da kuɗin ɗaukar lauya ta buɗe sabuwar shari'a. In ba a share mata hawaye a nan ba, babu inda za a share. Sashe na 78 na Final Kod tun asali ya yarda a sa mai laifi ya biya diyya, ko a haɗa da horo ko a madadinsa. Na fi karkata ga na biyun, da sharaɗin a zauna a auna adadin da shaida, kar a kwafo shi daga takardar 'yan sanda. Wanda kuma ya karɓi diyya a nan, sannan ya je kotun madaniyya, za a cire abin da ya riga ya karɓa.

Saura ɓarawon da ba shi da ko sisi. Alƙalai kan ce ya biya ko ya ƙara wasu watanni a gidan yari, wanda hakan ba ya dawo wa kowa da babur. Akwai kuma mutum na uku da ake mantawa da shi, wanda ya sayi wayar a kasuwa da zuciya ɗaya, 'yan sanda suka bi lamba suka same ta a hannunsa. Wayar za ta koma wajen mai ita. Sashe na 319 na ACJA ya yarda a sa mai laifin ya biya shi ma abin da ya kashe, in har bai san ta sata ba ce. Tambayar farko da za a yi masa ita ce a wane shago ya saya, nawa ya biya, ina kuma rasidinsa.